Ranar Ƙishi a Gidan Tururi

Awaki ne suka tona asirin. A bayan Gidan Tururi, kan hanyar da ta bar Ƙauran Namoda ta nufi Zurmi, akwai ramin da ake binne sharar asibiti bayan an dafa ta. Ranar wata Lahadi cikin tsananin bazara awaki suka yage buhu ɗaya, yara suka bi awaki, wata yarinya mai suna Fauziyya ta taka allura. Kafin Talata ƙafarta ta kumbura, jikinta ya ɗau zafi, aka kwantar da ita. Da manya suka je suka leƙa buhun sai suka tarar da auduga jina-jina, ƙudaje na binta. Ko makaho ya san wannan shara ba ta ga wuta ba.

Gidan Tururi suna ne da mutanen gari suka laƙaba wa wata 'yar ma'aikata mai zaman kanta. Ƙananan asibitocin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi nan suke aiko da shararsu, a zuba ta cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, tururi ya kashe cutar da ke ciki kafin a binne. A jikin katangar gidan kuwa 'yan gudun hijira ne daga ƙauyukan Dauran da Gurbin Bore suka kakkafa bukkokin leda. Fauziyya 'yarsu ce.

Ba a sha wahalar neman mai laifi ba, domin an riga an ajiye shi a zuciya tun kafin a yi laifin. Jibrin, direban a-kori-kurar da ke kwaso sharar, Bafulatani ne, kuma a shekarun nan wannan kaɗai ya isa shaida a bakin mutane da yawa. Aka ce ƙyuya ce ta sa yake wucewa da buhuna kai tsaye zuwa rami. Wasu suka ce ba ƙyuya ba ce, aiko shi aka yi. 'Yan sanda suka ƙwace shi daga hannun matasa rigarsa a yage, suka kulle shi don su tsirar da ransa.

Ranar Laraba da hantsi aka kira Malam Armiya'u.

Duba-gari ne, shi hukumar lafiya ta ɗora wa duba tukunyar nan sau ɗaya a wata. Ritayarsa ta kusa, gwiwoyinsa kuwa sun riga shi yin tasu. Mahaifinsa mai bin sawun shanun sata ne, shi kuma ya gaji kallon ƙasa, har abokan aiki na yi masa tsiya cewa yakan gaida ƙasa kafin ya gaida mai gida. Ya sauka daga babur, ya gaji tun kafin ya fara.

Bakin ramin duk an tattake, don haka ya zagaya ta gefe. Tayoyin motar Jibrin ya san su, ta bayan dama ta suɗe. Sawunsu ya tsaya a ƙofar gaba, tsoho da sabo, bai taɓa karkatowa ta nan ba. Abin da ke zuwa ramin taya ɗaya ce ta baro, daga ƙofar baya, da sawun takalmin roba. Ke nan sharar ta bi ta cikin gidan. Sai dai buhun da ya fito daga tukunya jiƙe yake fitowa, yana ɗiga, yakan bar layin ƙasa mai tauri a gefen sawun baro. Armiya'u ya bi hanyar daga farko har ƙarshe bai ga ɗigo ɗaya ba.

Ya tsuguna da ƙyar gaban buhun da aka yage. A wuyansa ga salatif ɗin gwaji, wanda ake liƙawa kafin a sa buhu a tukunya. Fari yake shiga, in tururi ya ratsa shi sai layukan jikinsa su yi duhu. Wannan layukansa sun yi duhu. Salatif na cewa an dafa, ledar ƙarin ruwan da ke ciki na cewa ƙarya ne, don ko motsewa ba ta yi ba. Ya ɓamɓare salatif ɗin, ya naɗe a takarda, ya jefa aljihun gaba.

A cikin gidan ya fara da Shamsu, mai kula da tukunyar, wanda takalmin robarsa ke jingine a bakin ƙofa. Zargin farko da ke zuwa wa kowane duba-gari shi ne an sayar da man gas an bar tukunya a kashe. Armiya'u ya zura sanda a tankin man, ya zaro ta jiƙe har wuya. Ba a saci mai ba. Abin da ya fi daure masa kai, kamar ma ba a ƙona shi ba. Ya tambayi Shamsu yaushe ya kunna tukunya na ƙarshe, Shamsu ya share zufa ya ce shi ɗan aiki ne, a tambayi Hajiya.

Hajiya Zulaihat ita ke riƙe da gidan. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, rabin matasan Ƙaura a hannunta aka haife su. Ya same ta a ofis ƙafafunta sun kumbura a cikin silifas, ta dawo ke nan daga duba yarinyar. Suka gaisa gaisuwar mutanen da suka daɗe da sanin juna. Ta ce tukunya lafiyarta ƙalau, ai shi da kansa ya gwada ta watan jiya. Gaskiya ne, ya gwada, allurar awo ta hau inda ake so, ya sa hannu. Da ya tambaye ta ko tana ganin Jibrin zai aikata, sai ta kau da kai ta ce Jibrin yaron kirki ne. Ba ta ƙara ba, ba ta kuma ce a sake shi ba.

Da zai fita, Ladidi mai dafa wa ma'aikata abinci ta tare shi da kwano a rufe. Dambun zogale ne, da ƙuli da ɗan man gyaɗa. Shekara da shekaru bai taɓa zuwa gidan nan ya fita ba tare da kwanon nan ba. Ya ci loma kaɗan a tsaye don kada ta ji ba daɗi.

A ofishin 'yan sanda Saje ya ja shi gefe ya faɗa masa gaskiya. 'Yan sa-kai sun aiko sau biyu a ba su Jibrin. 'Yan sandan da ke hannunsa ba su da yawa, kuma jibi Juma'a. In aka sauko daga masallaci ba a sami wani bayani ba, shi bai san abin da ƙofar nan za ta iya ɗauka ba.

Jibrin na zaune a ƙasa, idonsa ɗaya a kumbure. Armiya'u ya gaya masa ya ga sawun motarsa, ya san bai je ramin ba, abin da yake so kawai ya faɗa masa me ke faruwa da buhunan bayan ya sauke.

"Baba, ni kawowa nika yi, in aje, in tahi," in ji Jibrin.

"Kana kwana biyu a mako cikin gidan nan. Ba ka taɓa lura ko tukunyar na huci ba?"

"Ban lura ba."

Ya faɗa yana kallon ƙasa. Armiya'u ya san shirun mai laifi, ya kuma san shirun wanda ke rufa wa wani asiri, wannan na biyun ne. Haushi ya kama shi. Mutum ana shirin kashe shi, shi kuma ya zauna yana kunya.

A waje mai unguwa Jatau na jiransa da labari mai zafi. An ga Jibrin a Shinkafi ranar kasuwa yana musayar buhuna da wani mai kemis, Ɗanasabe. A lissafin mai unguwa, sirinji suke tsincewa su wanke su sake sayarwa, Shamsu kuma na rufa musu. Labarin ya zauna daidai, har ya yi daidai da yawa. Amma Armiya'u ba shi da wani zaren da zai ja, don haka Alhamis da sassafe ya shiga motar kasuwa.

Hanyar Shinkafi yanzu ba a yi mata hira. Kowa ya yi shiru yana kallon daji, a sauka a shingen sojoji, a hau, a sake sauka. Ya isa rana ta take, ya sami Ɗanasabe, wani gajeren mutum mai yawan dariya. Da ya ji abin da ake zarginsa da shi dariyar ta ɗauke, ya ja Armiya'u bayan shago ya ce ya bincika duk inda yake so. Babu sirinji ko ɗaya. Abin da ke cikin buhunan jarkoki ne, fankon jarkokin man gyaɗa da yake tara wa Jibrin. Uwar Jibrin, wata tsohuwa da ake kira Nagoggo, tana cikin masu bukka a jikin katangar Gidan Tururi, can ƙarshe inda Fulani suka rakuɓe. Da jarkokin take ɗibar ruwa a famfon Hajiya, ta kuma ba maƙwabta aro. Ɗanasabe ya ce in ban da ruwan Hajiya da mutanen nan sai sun gangara gulbi, gulbi kuwa kowa ya san su wa ke shayar da dabbobi a can yanzu.

Armiya'u ya yi masa godiya ya fito. Yini guda ya tafi a banza, gobe Juma'a.

A hanyar dawowa an matse shi a kujerar baya tsakanin buhun albasa da wani mai barci. Zafi ya yi zafi, rigarsa ta jiƙe. Can sai ya ji ƙamshin dambu. Ya ɗauka yunwa ce ke yi masa wasa, don tun safe bai sa komai a ciki ba. Ya waiga, babu mai cin abinci a motar. Ƙamshin daga ƙirjinsa yake tasowa.

Ya zaro takardar, ya warware salatif ɗin da zufa ta ɗumama. Ya kai hanci. Sharar asibiti da aka dafa warinta ba ya ɓuya, wari ne na roba da magani. Wannan kuwa zogale ne. Ya juya bayan salatif ɗin, wajen danƙo, ya kawo shi kusa da ido. Ga ƙwayar tsaki guda biyu sun maƙale, ga ɗan ɓarɓashin ganye kore. Layukan ma da ya dube su da kyau ba baƙi ƙirin suke ba kamar na ranar gwaji, ruwan ƙasa ne mai duhu.

Ya daɗe riƙe da shi. Bai ji daɗin da mai bin sawu ke ji ba idan ya hango garke. Abin da ya ji gajiya ce, da baƙin ciki, domin ya san ɗanɗanon tukunyar da salatif ɗin nan ya fito.

Al'adarsa ce tun da ya fara aiki, ba ya faɗo wa mutane bagatatan. Yakan aika tun jajibere cewa gobe yana tafe, don a ganinsa hakan shi ne mutunci. Ranar Juma'a bai aika ba. Ya biya ta wurin Saje ya roƙe shi ya taho da Jibrin da mai unguwa, shi kuma ya riga su.

Abin da ya tarar bai taɓa gani ba. Daga bututun da aka zuro ta katanga, layin mata ya miƙe har ya sha kwana, da bokitai da jarkoki da tukwane. Ya sha ganin sawun silifas da zoben gindin bokiti a wurin, ya san Hajiya na sadakar ruwa, amma bai taɓa ganin mutanen ba. Matan suka hango shi. Wata tsohuwa ta ce wa ta kusa da ita, ba ta ko rage murya ba, "Ga mai ƙishin nan ya taho. Yau ko ba a hwaɗa muna ba."

Ya tsaya ya gaishe ta, ya tambayi me take nufi. Ta ce ai sun san shi sarai. Duk ranar da zai zo akan aiko tun daren jiya a ce gobe babu ruwa. Ranar ƙishi suke kiranta. Ko shekaranjiya Laraba, da aka san za a kira shi, haka aka yi.

Aka taru a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gidan. Ga Saje da Jibrin da ankwa a hannu, ga mai unguwa Jatau da wasu 'yan sa-kai biyu da suka biyo shi, ga Shamsu, ga Ladidi ta leƙo daga madafa. Tasalla, uwar Fauziyya, ta baro layin ruwa ta tsaya daga nesa da bokitinta. Hajiya Zulaihat ce ta fito ƙarshe, aka ba ta kujera.

Armiya'u bai yi dogon jawabi ba. Ya ce wa Shamsu ya kunna tukunya. Shamsu ya dubi Hajiya, ya dubi ƙasa, ya ce babu ruwa a tanki, sai rijiya ta tara. Armiya'u ya gaya wa mai unguwa abin da ƙasa ta nuna masa, cewa motar Jibrin ba ta taɓa zuwa rami ba, da abin da ya gani a Shinkafi. Sannan ya roƙi Ladidi ta kawo madambacinta. Ta kawo. Ya kifar da murfin. A cikinsa ga tabon danƙo layi-layi, inda aka sha liƙa salatif ana ɓamɓarewa. Ya ɗora nasa a kan tabo ɗaya, ya zauna daidai.

Mai unguwa ya fara salati yana nuna Ladidi. Hajiya ta ɗaga hannu.

"Ku ƙyale ta. Ni nis sa ta. Shamsu ma ni nis sa shi."

Ta yi bayani a hankali, da muryar da take gaya wa dangi cewa mara lafiya ba zai tashi ba. Tun da bazara ta shigo rijiyar burtsatsen gidan ta ja baya, abin da take bayarwa a yini bai wuce cikin tanki ɗaya ba. Tukunyar kuwa dahuwa ɗaya take shanye tankin. Ta rubuta wa masu gidan, ta kira, aka ce ta yi haƙuri har damina. A lokacin ne mutanen nan suka sauka jikin katanga. Mata biyu suka gangara gulbi ɗibar ruwa, ɗaya ce ta dawo. Daga ranar ta buɗe famfo ta kashe tukunya, ta ce a riƙa binne buhuna da zurfi. Ƙasa ta yi tauri, Shamsu shi kaɗai ne, zurfin ya riƙa raguwa.

"Na san abin da ka cikin buhunnan nan, Malam, na hi kowa sani," ta ce. "Kullum sai in ce gobe in kunna. Gobe ta yi, in leƙa in ga layi."

"Da kin gaya mini, Hajiya."

"Da na hwaɗa maka mi za ka yi? Ka rubuta. Su rufe gidan, su rufe famfon."

Armiya'u ya san gaskiya ta faɗa, abin da zai yi ke nan.

Ya juya ga Jibrin ya tambaye shi ko ya sani. Jibrin ya ce ya sani tun farko. Hajiya ce ta ɗauke shi aiki lokacin da babu mai ba Bafulatani ko gadin shago, kuma uwarsa daga famfon nan take sha. 'Yan sa-kan nan biyu suka dubi juna. Ɗayansu a hannun Hajiya aka haife shi, ya rataya bindigarsa ya fice ba sallama. Mai unguwa ya ce zai yi wa liman bayani kafin huɗuba. Saje ya ciro mabuɗi ya kwance ankwar.

Hajiya ta miƙe da kanta, ta ce wa Saje ya bari ta ɗauko mayafi. Da ta zo wucewa ta gaban Tasalla ta tsaya kamar za ta yi magana. Tasalla ba ta zage ta ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta matsa mata hanya kawai.

Saura aikin duba-gari. Doka a fili take: akwai ɗanyar shara a rami da wadda ke jibge a ɗaki, dole a tono a dafa duka kafin a sake buɗe gidan, kuma duk ɗigon da rijiya ta bayar na tukunya ne har a gama. Shamsu ya ce hakan zai ɗauki makonni. Armiya'u ya ce zai je sakatariya ya nemi a turo tankar ruwa. Ya faɗa da ƙarfi don matan su ji, shi kuwa ya san sau nawa ya nemi abu a sakatariya.

Ya ciro kwaɗo daga jakarsa, ya taka zuwa famfon. Matan suka dare. Ya jira jarkar da ke ƙarƙashi ta cika, ya jira ta bayanta ma, sannan ya murɗa kan famfon ya datse.

Jibrin ya wuce ta gabansa yana murza wuyan hannu. Bai yi godiya ba, Armiya'u kuma bai sa rai ba. Ya je can ƙarshen layi inda uwarsa Nagoggo ke tsugune, ya karɓi jarkoki biyu daga hannunta. Tsohuwar ta riƙe masa riga, ya ɓamɓare yatsunta a hankali, ya bi 'yar hanyar da ta gangara gulbi. Armiya'u ya bi sawunsa da ido har ya shige cikin sabara. Ya fitar da shi daga hannun mutanen gari, ga inda ya tura shi.

Da ya juyo, Tasalla na tsaye a bayansa. Ya tambaye ta jikin yarinya, ta ce zazzaɓin ya ɗan sauka, likita ya ce a riƙa ba ta ruwa da yawa. Ta dubi kwaɗon, ta dubi bokitinta da babu komai a ciki.

"Malam," ta ce, "gobe ma kana zuwa?"

"Kullum zan riƙa zuwa yanzu, har a gama."

Ta gyaɗa kai, ta ɗora bokitin a ka, ta bi bayan Jibrin.